Ƙofar Hagu

Mijina Arvo ya shekara talatin da takwas yana saita sautin piyano. Duk cocin da ke garinmu Thunder Bay, da makarantu, da gidajen masu hali, sun san kunnen mutumin nan, kuma da shi muke ci. Ni ce mai ɗaukar masa waya da tsara masa ranakun aiki, shi ya sa na riga shi sanin cewa kunnen ya fara tafiya. Wata takwas ina riƙe da maganar a cikina, kullum sai na ce gobe zan faɗa masa.

Gishirin da ake zubawa a titi don narkar da ƙanƙara ya cinye ƙasan tsohuwar motarmu, don haka ranar Asabar da safe muka tafi wajen masu sayar da mota. Ni dai in kujera na ɗumama mini baya lokacin sanyi, an gama da ni. Arvo kuwa sauti ya je saye, motar kawai za ta biyo baya. Ya ja layi a takarda da abin rubutu, gida uku: ƙaramin aji mai sifika shida, na tsakiya mai tara, sai babban mai goma sha biyu har da wata ƙatuwa a but. Jikin motar ɗaya ne, injin ɗaya ne.

Mai sayarwar wani dattijo ne mai rawani, Harjit, mutum mai fara'a. Da ya ga faifan da Arvo ya ciro daga aljihu sai ya yi dariya.

"Yallaɓai, ai motocin yanzu ba su da bakin cin faifai."

"To an cuce ku," in ji Arvo. "Noreen, sa masa a wayarki."

Kiɗan piyano ne zalla, wanda yake gwada komai da shi. Na ji shi har na gaji da shi. Muka shiga ta farko, Arvo a kujerar direba, ni a gefensa, Harjit a baya. Ya rufe ido, ya saurara kamar minti ɗaya, sai ya yamutse fuska.

"Sifikar ƙofar hagu ba ta da lafiya. Sautin duk ya gudu dama."

Harjit ya ce sabuwa ce fil, jiya aka sauke ta, amma mu gwada ta tsakiya. Muka gwada. Arvo ya sake cewa ƙofar hagu. Harjit ya miƙo hannu ya dafa ƙofar, a hankali ya ce, "Yallaɓai, ga ta tana rawa a hannuna."

"Malam, kai mota kake sayarwa, ni sauti nake gyarawa tun ba ka san hanyar garin nan ba. In na ce ta mutu, ta mutu."

Haka Arvo yake. In ya kafe a kan magana, ko ni ba na iya ɗaga shi, balle baƙo. Kunya da tsoro suka kama ni duka a lokaci ɗaya. Harjit ya kalle ni ta madubi, na kau da kai.

Babbar tana can kusa da taga, kujerunta na fata. Harjit ya fara lissafo abin da ke cikinta, Arvo ya ɗaga masa hannu ya dakatar da shi. Kiɗan ya tashi, kuma wallahi ban taɓa jin sa da kyau haka ba, kamar piyanon na cikin motar tare da mu. Arvo ya danna allon gaba, ya ja sautin kacokan zuwa hagu, ya ƙara murya, ya sake ƙarawa. Ƙofar ta dinga kaɗa ƙafar wandonsa. Ni har kaina ya fara sarawa.

Sai na ga ya kalli wandon. Ya daɗe yana kallonsa.

Ya mayar da sautin tsakiya, ya buɗe ƙofa ya fita. Na zaci tafiya zai yi. Ashe juyowa ya yi, ya hau kujerar da gwiwoyinsa, ya ba sitiyari baya, mutum mai shekara sittin da shida, ya ja ƙofar ya rufe. Haka yake yi wa piyano in ya rasa inda matsala take, sai ya sauya wajen tsayuwa. Ya rufe ido ya saurara.

"Ƙofar ta tashi," ya ce. Muryarsa ta yi ƙasa. "Yanzu ɓangarenki ne ya mutu."

Harjit ya ce bari ya je ya duba wata takarda. Allah ya saka wa mutumin nan, babu wata takarda. Na kashe kiɗan, muka zauna, shi a durƙushe yana fuskantar baya, ni ina kallon hannayena.

"Ba ki yi mamaki ba," ya ce.

"A'a."

"Tun yaushe?"

"Tun watan Maris. Matar da ke kula da mawaƙan coci ta kira, ta ce siraran sautukan piyanon ba su daidaita ba bayan ka tafi. Sai makarantar firamare. Sai wasu."

"Kika ce musu me?"

"Na ba su haƙuri. Na tura Fergus ya bi bayanka ya gyara."

Fergus shi ne ɗayan mai saita piyano a garin, kuma shekara ashirin Arvo na cewa kunnen katako gare shi. Na ga wuyan mijina ya yi ja.

"Guda nawa?"

"Goma sha ɗaya."

"Goma sha ɗaya! Haba Noreen. Ke nan ina shiga gidajen mutane, suna ba ni kofi, suna yi mini godiya har bakin ƙofa, in na juya baya su ɗauki waya?"

"Tsoro nake ji, Arvo. Ban san me za ka zama ba in babu aikin."

"Ai da kin bar ni na ji tsoron da kaina. Kunnena ne."

Gaskiyarsa ce. Na yi kuka, kuma bai rarrashe ni ba. Ya sauko daga kujerar da ƙyar, gwiwarsa na ƙara, ya zauna daidai, ya ɗora hannu biyu a kan sitiyari. Can ta cikin gilashi ina hango Harjit yana ta jujjuya wasu takardu don kada ya dube mu.

"Ranar Litinin ina zan je?" in ji Arvo.

"Gidan Madam Beaulieu. Jikarta za ta yi jarrabawar kiɗa ranar Laraba."

Ya shafa sitiyarin da babban yatsa.

"Ki kira Fergus," ya ce. "Amma wannan karon ki ce masa ni na turo shi."