Murhu a Ɓangaren Maza

Nokwakha ta sake buɗe ƙofar murhun ta rufe, ta kasa kunne. Ƙarar ba ta yi mata ba, sai ta matsa ga na kusa da shi.

"Sisi, 'yar'uwa, ƙofa kika zo saye ko murhu?" in ji mai shagon kayan ginin. "Ga babba nan mai wurin gasa burodi. Shi matan manya ke ɗauka."

"Matan manya a kai suke ɗauko ice daga gindin dutse? Wannan ƙaton naka sai ya karya min wuya kafin ya ƙoshi. Ɗaki ɗaya gare mu."

Ta zaɓi ƙarami, baƙi, mai kaurin ƙarfe, wanda ƙofarsa ke rufuwa ruf ba kafar da hayaki zai bi. Ba don ado ta shigo garin Matatiele ba. 'Yarta Aviwe ta kwana asibiti a farkon sanyin nan, ƙirjinta na kuka kamar usur, kuma nas ba ta ɓoye mata ba: hayakin ɗaki ne, in ba a raba yarinyar da shi ba, za a dawo da ita a goye. Mijinta yana aikin ma'adinai a Rustenburg. Ya turo kuɗi, ya ce sauran ta yi magana da Tata, wato babansa. Akwai maza da yawa irinsa, masu aiko kuɗi su bar wa mace faɗan.

Da azahar a-kori-kurar Sakhumzi ta tsaya a ƙofar gida. Shi ne mai dakon kaya a ƙauyen, shi ne kuma mai kafa bututu. Ƙanƙara ta rufe kawunan duwatsu fari fat. Suka kinkimi murhun zuwa cikin zagayayyen ɗakin mai jinka, inda surukinta, Tata Zwelinzima, ke zaune a hannun dama cikin bargo. Ramin wutar da ke tsakiyar ɗakin na ta hayaki kamar kullum.

"Nan za a sa," Nokwakha ta ce a hankali, ta nuna ramin. "Bututun ya miƙe ya fita ta hular kwanon da ke ƙolin jinka."

"Ubana ne ya haƙa ramin nan," in ji tsohon. "Ba a ɗora masa ƙarfen kanti. Kawo shi nan kusa da gadona."

Maganar uba daban, gaskiya daban. Gwiwoyinsa ne ke jin sanyi.

Sakhumzi ya ɗaga kai. A can jikin bango jinkar ta sauko ƙasa, busasshiyar ciyawa mai kauri. "Tata, bututu fa zafi yake yi. In ya ratsa ta nan..."

"Mota aka ce ka iya ko mulkin gida?"

Sakhumzi ya tura murhun jikin gado, ya jingina tsani zai huda jinka.

Nokwakha ta dubi inda aka kai murhun. A ɗakin nan hannun dama na maza ne, hagu na mata, makoti kuwa, wato matar ɗa, ba ta taka ɓangaren surukinta. In murhun ya zauna can, girki na nan a bisa rami, hayaki na nan, ga kuma wuta a ƙarƙashin ciyawa. Ta san kuma gardama da tsohon a gaban baƙo sai dai ta ƙara sa shi ya kafe.

Ta fita. Ta dawo da rungumen ice, ta durƙusa daidai bakin ramin, ta ajiye.

"Tata, ga ice."

"To zuba mana, Makoti. A gwada shi."

"Ba na ƙetarewa, Tata."

"Na ba ki izini."

"Bara da Aviwe ta rarrafa wajenka na bi ta, a gaban baƙi ka ce ba a koya min komai a gidanmu ba. Yanzu na koya."

Tsohon ya gyara bargo. "To wa zai hura shi? Wa zai kwashe toka?"

"Kai ne, Tata. Tukunyar ma zan miƙo maka daga nan. In ruwa ya tafasa sai in gaya maka ka zuba gari."

Sakhumzi ya kusa faɗowa daga tsani. "Tata, ranar da ka tuƙa tuwo a aika min. Zan zo da jama'a."

"Rufe min baki, ɗan banza!"

Daga hagu, inda take kwance a tabarma, Aviwe ta fara tari. Dogon tari ne, mai jan numfashi a ƙarshe. Tsohon ya dubi jikarsa, ya dubi ciyawar da ke saman gadonsa, ya dubi icen da ke ajiye inda hannunsa ba ya kaiwa.

"Kai!" ya daka wa Sakhumzi tsawa. "Sauko. Wane shashasha ne ke kai wuta jikin bango? A gidan nan wuta tsakiya take zama tun zamanin ubana."

"Haka ne, Tata. Ni ne shashashan."

Tsohon da kansa ya durƙusa, gwiwoyin na ƙara, ya kwashe garwashin ramin a kasko. Ya juya ga ƙuryar ɗakin ya gaya wa magabatansa cewa wutarsu ce dai, riga kawai aka saya mata. Aka cike ramin, aka shimfiɗa faffaɗan dutse, aka ɗora murhun. Sakhumzi ya saci kallon Nokwakha, ya juya ƙofar murhun ta fuskanci hagu. Bututun ya hau sambal ya fita ta kwano, bai taɓa ko tsinke ɗaya ba.

Kafin rana ta faɗi an zuba tsohon garwashin a ciki, icen ya kama. Nokwakha ta fita waje ta tsaya a cikin sanyi. Tun da aka kawo ta gidan nan hayaki ta jikin jinka yake tsatsowa ko'ina. Yau ga shi siriri yana tafiyarsa sama. Da ta koma, ta hango katakan rufin sarai, Aviwe kuma ta tashi zaune tana miƙa tafin hannu ga ɗumi.

Wani maƙwabci ya leƙo ya ga abin da ake yi. Tata Zwelinzima ya jawo kujerarsa kusa, ya yar da bargo.

"Ni na zaɓi wurin," ya ce. "Yaran zamani jikin bango suka so."

"Tata ne," in ji Nokwakha.

Jim kaɗan tsohon ya yi gyaran murya. "Makoti, a ƙara ice."

Ta ƙara, daga inda take zaune. Ta tura ƙofar, ta rufu ruf.