Makokin Muryar Mijina

Mijina, Wongani Mhango, ya daɗe yana ba da waƙa ana amsawa a cocinmu da ke Mzuzu, kuma a ganinsa ba don muryarsa ba da tuni mala'iku sun daina leƙo unguwarmu. Ko gaisuwar safe sai ya kurɓi ruwan citta yake amsa mini, wai kada maƙogwaro ya wahala a banza.

Sai ga jana'izar wani attajiri mai shagunan kayan gini, wadda ta tara rabin gari. Fasto yana tsakiyar addu'a ya dakata ya haɗiye yawu. Gogan nawa ya ɗauka an gama, ya cafki makirufo ya rangaɗa waƙa shi kaɗai. Da ya ji ba mai amsawa, muryar ta kuɓuce masa, ta fita tsiiit, kamar ɗan akuyan da ƙofa ta datse wa wutsiya. Fasto ya ci gaba da addu'arsa. Iyakar abin da ya faru ke nan.

Iyalan mamaci suka share hawaye suka koma shago, mu aka bar wa zaman makoki. Ya saki labule, ya daina zuwa coci. In yara suka yi dariya a waje, da shi suke. In akuyar maƙwabta ta yi kuka, turo ta aka yi.

"Baban Tawonga, ga tuwo."

"Mutum irina bai cancanci tuwo ba," in ji shi, yana jawo kwanon. "Akwai sauran miya?"

Ana haka ƙanwarsa ta haihu a Nkhata Bay, kuma ba yadda za a yi babban wa ya ƙi zuwa. Ya fito da malafa da baƙin tabarau, ya naɗe wuya da mayafina, don kada a gane shi. Duk tashar shi ake kallo, ba don waƙa ba, don a zafin nan ba mai hankalin da zai yi wannan shiga.

Mun fara gangara tsaunuka tayar bas ɗinmu ta fashe. Ta ajiya kuwa, in ji direba, tana nan lafiya lau a gidansa. Muka zube a gindin wani mangwaro muna jiran a kawo wata. Kusa da mu wata mata ce mai faɗin murya, da ƙaton baho fanko, za ta bakin tafki sarin busasshen kifi. Ta ce sunanta NyaChirwa, ta miƙo mana dafaffen rogo ba tare da ta tambayi ko muna so ba.

"Ku ci, mutanen Mzuzu. Na san ba ku saba ƙoshi ba. Ni da na je jana'izar mai kayan ginin nan, da yunwa na dawo."

Na ji mijina ya sandare. Ya ja malafa har hanci.

NyaChirwa ta kwance jakar labari. Naman da aka raba, in ji ta, sai da tabarau ake ganinsa. Akwatin gawa ya ƙi shiga kabari sai da aka ƙara haƙa. Wata da ba wanda ya sani ta zo da yara biyu masu kunnuwan mamaci sak. Wani tsoho mai sanda, Baba Nyirenda, ya ce shi ma yana wurin, takalminsa aka sace. Suka bi jana'izar daga farko har ƙarshe, suka rufe.

Mijina ya ɗaga malafa kaɗan. "Mama, mawaƙa fa?"

"Waɗanne?"

"Mawaƙan coci."

Ta dubi Baba Nyirenda. "An yi waƙa?"

"Ba a rasa ba," in ji tsohon. "Ni takalmina nake nema."

Na zaci zan ga mutum ya yi ajiyar zuciya. Ina! Tabarau ya cire, ido ya yi ja.

"Ba ku ji wanda ya katse wa fasto addu'a ba? A makirufo fa! Har bakin titi an ji!"

"Ɗana, wa zai ji? Lokacin ake sauke tukwane."

"To ni ne!" Ya miƙe yana bugun ƙirji. "Ni na yi! Kunyar da ba a taɓa yin irinta a garin nan ba!"

"Sannu da ƙoƙari," in ji NyaChirwa. "To yi mana mu ji, tunda ta wuce mu."

Wallahi sai da ya yi. Mutumin da ya hana ni kunna rediyo a gidana ya tsaya a bakin titi, ya gyara murya, ya maimaita tsiiit ɗin nan don baƙi su tabbatar da girman masifarsa. Dariya ta kece. NyaChirwa ta kifa kai a baho. Ya tsaya yana hararar su, can sai shi ma ya fashe da dariya.

Daga nan kowa ya fito da tasa kunyar. Baba Nyirenda ya taɓa yin dogon jawabi a bikin da ba nasu ba, har aka tafa masa. NyaChirwa ta taɓa yi wa wata mai saye tsegumin wani malalacin mutum, ashe mijin matar ne. Direba ya buɗe baki zai ba da tasa, aka ce ya yi shiru, a cikinta muke zaune.

Da tsohon ya nemi a yi waƙar gaske, mijina ya ba da ita a hankali, suka amsa, NyaChirwa tana kiɗa da baho. Ba ta yi daɗin da yake zato ba, ba ta kuma yi muni ba.

Ranar Lahadi ya koma coci, ya shirya jawabin neman gafara tun daga gida. Shugaban mawaƙa ya dube shi ya ce, "Au, tafiya ka yi? Matsa ciki, ka tare hanya."

Baba Nyirenda ya gayyace mu auren jikarsa a watan da ya biyo, muka je. NyaChirwa ce ta dafa kifin, ta kuma zaunar da mijina kusa da tukwane, wai tunda nan jama'a ke taruwa, nan ne ake jin mutum.