Lambar Maliki da Zogalen Jiratawa

Maliki mai gyaran keken ɗinki ne a unguwar Zariya, cikin Maraɗi, kuma tunda yake bai taɓa sayar da ko ganyen zogale ɗaya ba. Shi ya sa ranar da wata mata ta kira shi daga Yamai tana tambayar buhu nawa na garin zogale zai iya aiko mata kafin Juma'a, ya ce mata ta yi kuskuren lamba, ya koma kan keken da ya kwance yana dubawa.

Sati ɗaya ke nan da ya sayi sabon layi, bayan wayarsa ta ɓace a kasuwa. Bai yi sanya ba, ya sa aka rubuta sabuwar lambar da jan fenti a allon shagonsa, ya kuma bi telolin garin shago-shago yana ba su. Washegarin kiran matar Yamai wani ya kira daga Damagaram. Bayansa wani daga Kwatano, sai wata Baturiya mai faransanci ta hanci, wadda ta daɗe tana yaba masa aikin da yake yi wa matan karkara kafin ya samu inda zai tsoma baki. Da farko yana ba da haƙuri. Daga baya, in ya ji kalmar zogale, sai ya ce ya ƙare, ya kashe. Matarsa Tahira kuwa ta samu abin yi: ta raɗa masa suna Alhajin Zogale, in ta kawo abinci ta durƙusa har ƙasa ta ce Allah ya ƙara kasuwa.

Sai da aka yi wata biyu a haka sannan ya tuna ya tambayi wani mai kira inda ya samu lambar. Mutumin ya ce ai tana nan a intanet, a shafin ƙungiyar matan Jiratawa masu zogale.

Maliki ya rufe shago ya nufi sibar, wato shagon intanet, na Madam Yunice, wadda telolin unguwar ke zuwa wurinta buga hotunan ɗinki. Mace ce mai tabarau da ƙarancin magana. Ta danna ordinatarta, wato kwamfuta, kaɗan, sai ga shafin ya buɗe: kore shar, mata tsaye cikin lambu riƙe da faifan ganye, can ƙasa kuma lambar Maliki da manyan baƙaƙe. Ya ɗora yatsa a kan gilashin ya ce ta goge masa nan wurin, sauran ba ruwansa.

Yunice ta cire yatsan nasa daga gilashin a hankali.

"Malam Maliki, shafin ba cikin ordinatata yake ba. Leƙensa kawai muke yi daga nan. Kowane shafi yana da gidan da aka sauke shi, wata na'ura ta wani kamfani da ba a kashewa. Sai mun san wane kamfani ne mai masaukin nasa."

Ya tambaya ko kamfanin a Maraɗi yake, don in a nan ne ya san hanyar da zai bi. Ta ce bari su gani. Ta buɗe wani wuri da ake sa sunan shafi ya faɗi wanda ya yi masa rajista. Inda ya kamata sunan mai shi ya fito, an rubuta an ɓoye. Maliki ya ce dama ya sani, mai gaskiya ba ya ɓoye sunansa ya bar lambar wani a fili. Yunice ta ci gaba da bincike. Ta nemo wasu lambobi huɗu da ɗigo a tsakaninsu, ta ce wannan shi ne adireshin na'urar da shafin ke ciki, ta sa su a wani wurin daban. Nan sunan kamfanin ya fito, a wani garin Faransa da Maliki ya gwada faɗi sau uku harshensa ya ƙi. Ya ji wani irin girma ya sauko masa. Ashe lambarsa har Faransa take kwana bai sani ba.

Suka rubuta wa kamfanin wasiƙa. Maliki ya so a fara da cewa ransa ya ɓaci ƙwarai, Yunice ta rubuta gaisuwa. Amsa ta zo bayan kwana biyu, cike da ladabi: sun gode, sun fahimci damuwarsa, amma su gida kawai suka bayar, ba sa taɓa kayan mai ɗaki, ba kuma za su faɗi sunansa ba. Sun dai tura masa saƙon. Aka yi sati babu labari. Yunice ta buga masa hoton shafin a takarda, ta rubuta sunan kamfanin a bayanta, ta ce tunda matan na Jiratawa ne, Jiratawa ba nisa.

Ranar Asabar da hantsi ya hau babur ɗinsa. A bakin lambunan da ke shan ruwan famfo ya nuna wa wani mai ban ruwa takardar, mutumin ya duba ya yi dariya, ya ce wannan ta tsakiyar ai Inna Tasalla ce, shugabar matan, ga ta can ƙarƙashin rumfa suna tsinke ganye.

Tasalla dattijuwa ce gajera, mai murya kamar tana kiran wani daga ƙetaren gulbi. Ta karɓi takardar ta nisanta ta da idonta, ta kusanto da ita. Ba ta san suna intanet ba, babu kuma wadda ta sani cikin matan. Abin da ya fara damunta shi ne an ɗauke ta baki buɗe, da zanen da tuni ta mai da shi tsumman shanya ganye. Takardar ta zaga hannu-hannu, kowace na neman kanta, ana ta shewa. Maliki ya jira hayaniyar ta lafa, sannan ya kwashe labarinsa ya faɗa, har da na Baturiya, yana tsammanin za a tausaya masa. Sai Tasalla ta juyo ta dube shi.

"Mutum nawa ka ce sun kira?" Tasalla ta tambaya.

Ya ce bai ƙirga ba, amma a rana ba a rasa biyu ko uku.

"Ka ce musu mi?"

"Na ce ya ƙare, Inna."

Ta tashi ta kama hannun rigarsa, ta kai shi wani ɗaki a bayan rumfar, ta tura ƙofa. Buhunan garin zogale ne jere har kusa da rufi. Ta ce ya duba da kyau ya gaya mata inda ya ƙare. Maliki, wanda ya zo da shirin a ba shi haƙuri, ya tsinci kansa yana ba da haƙuri, har yana rantsuwa cewa bai san akwai su ba.

Da aka sauko kan wanda ya yi shafin, wata cikin matan ta tuna. Shekarun baya wasu masu furoje, wato shirin tallafa wa karkara, sun zo sun koya musu shanya ganye a inuwa, tare da su kuma akwai wani malamin lakwal, wato makarantar boko, na Tibiri, wanda ake kira Mushe Ezra kamar yadda ake kiran malaman boko, mai rataye da abin ɗaukar hoto. Maliki ya yi godiya zai tafi, sai ya ga Tasalla ta yafa mayafi ta ɗauki ƙullin garin zogale ta tsaya kusa da babur ɗinsa. Ta ce ba ta yarda ya je shi kaɗai ba, kada ya sa a rufe musu shafin gaba ɗaya.

Haka suka ratsa Maraɗi daga wannan gefe zuwa wancan, tana gaya masa inda rami yake tun kafin ya gani. Suna dab da fita gari wayarsa ta yi ƙara cikin aljihu. Kafin ya samu wurin tsayawa ta zura hannu ta ciro ta, ta amsa. Wani mai kanti ne daga Tawa. Tun daga nan har suka hango Tibiri tana yi masa bayanin yadda suke wanke ganye da yadda suke daka shi, Maliki na tuƙi yana jin rabin maganar a cikin kunnensa na hagu.

Mushe Ezra ya daɗe da barin koyarwa, yanzu zomaye yake kiwo. Suka same shi a tsakar gida yana raba musu ganyen dankali, matarsa Rifkatu na zaune a kan tabarma tana gyaran wake. Ya gane Tasalla nan take. Da ya ga takardar sai ya dafe kai. Ya ce shi ya yi shafin, lambar kuma ta wayar ofishin furoje ce. Furojen ya tashi, layin ya mutu, da alama an sake sayar da shi ne ya faɗo hannun Maliki. Masu furojen sun kama wa shafin masauki na shekaru da yawa kafin su tafi, shi ya sa yake nan. Akwatin wasiƙar intanet ɗin da kamfanin ya tura saƙo kuwa rabonsa da buɗe shi ya manta. Ya ce zai gyara da zuciya ɗaya, sai dai ko sunan kamfanin ba ya tunawa, balle ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Maliki ya juya takardar ya nuna masa rubutun Yunice, yana jin kamar shi ya tono sunan da hannunsa.

Aka fito da tsohuwar ordinatar Mushe, aka hure mata ƙura, aka jona ta da intanet ɗin wayarsa. Shafin kamfanin ya buɗe ya nemi kalmar sirri. Ezra ya yi murmushi ya dubi matarsa, ya ce wannan ba wuya, shi duk abin da zai kulle da suna ɗaya yake kulle shi. Ya rubuta Rifkatu. Aka ce ba daidai ba. Ya ƙara shekarar aurensu, aka ƙi. Ya sa da manyan baƙaƙe, ya sa sunan ɗansu Ezekiyel, duk aka ƙi. Rifkatu ba ta ɗago daga faifan wakenta ba.

"Baban Ezekiyel," ta ce, "gwada Gimbiya."

Ya ce haba, ina zai sa wannan. Tasalla ta gyara zama ta tambaya wace ce Gimbiya. Rifkatu ta ce wani tsohon babur ne shuɗi da yake da shi a lokacin, wanda yake gogewa kowace safiya kafin ya gaida mutanen gida. Ezra ya rubuta yana gunaguni, don dai a ce ya gwada. Shafin ya buɗe.

Maliki ya dubi zomaye da kyau don kada dariya ta ƙwace masa. Tasalla ba ta ɓoye tata ba. Rifkatu ta zuba waken a tukunya ta shige madafa, daga can ta ce baƙi su tsaya su ci abinci, Mushe kuma ya nemi nasa wurin Gimbiya.

Goge lambar bai kai minti ɗaya ba. Aka sa ta Tasalla, ta sa aka karanta mata sau biyu, sannan ta sa Maliki ya buɗe shafin a wayarsa ta gani da idonta. Maliki ya ɗauka an gama. Ashe saura hoto. Tasalla ta gyara ɗaurin kallabinta ta tsaya a gindin bishiyar lemun gidan riƙe da ƙullin zogalen, Ezra ya ɗauke ta da waya. Na farko ta ce ta yi kama da mai fushi, na biyu inuwa ta rufe mata ido, na uku zomo ya shigo. A na bakwai ta amince. Ta bar wa Rifkatu ƙullin, ta ce a riƙa barbaɗa wa Mushe a koko ko zai daina mantuwa.

Sai bayan la'asar Maliki ya sauke ta a Jiratawa. Matan suka taru a kan wayarsa suna kallon sabon hoton, nan take kowace ta gano abin da ke damunta a tsohon nata. Kafin ya tada babur an yanke shawara, an kuma kira Tibiri an sanar. Asabar ta gaba Mushe Ezra ya hau kabu-kabu, babur ɗin haya, ya zo, ya tarar da mata ashirin da uku cikin anko suna jiransa, kowace da faifanta. Bai bar lambun ba sai da batirin wayarsa ya mutu, akwai sauran mata huɗu a layi.