Miyar da Oronzo Bai Dafa Ba

Oronzo mijin yayata ne, kuma tun da na san shi ban taɓa ganin ya kunna murhu ba sai in zai kunna sigari. Yayata Assunta ta yi masa girki shekara da shekaru, ta sangarta shi yadda ya kamata, sannan ta rasu ta bar mana shi. Mutum ne da ya tuƙa motar safa har ya yi ritaya, ya san kowane rami a hanyar birnin Bari, amma bai san inda gishiri yake a ɗakin girkinsa ba.

Wata safiya ya faɗo gidana ko ƙwanƙwasawa bai yi ba, hularsa a hannu, yana haki.

"Palmina, na shiga uku. Loredana za ta zo ran Lahadi."

"To 'yarka ce za ta zo, ba 'yan sanda ba. Zauna ka sha kofi."

"Ba ki gane ba. Zuwa za ta yi ta ga yadda nake ci. Ta ce in ta tarar ban iya ciyar da kaina ba, za ta tattara ni ta tafi da ni wurinta a birnin Torino. Har ta gyara mini ɗaki. A can ƙololuwar bene, Palmina! Taga ɗaya, ita ma tana kallon wurin ajiye motoci."

Ina yawan tsokanarsa, amma ranar gabana ya faɗi. A lungun nan aka haifi Oronzo. Kujerarsa tana ƙofar gida, abokan kartarsa suna bakin dandali, kuma kullum da safe yana takawa makabarta ya ba Assunta labarin abin da ta rasa. In aka kulle shi a saman bene cikin mutanen da ba sa gaisuwa, na san ba zai daɗe ba.

"Kai me ka ce mata?"

"Na ce na zama gwani. Na ce da hannuna zan yi mata abincin Lahadi, tun daga zaitun har kofi."

"Sannu, gwani. Allah ya ƙara basira."

Na leƙa taga na ƙwala wa Nunziata kira. Ita ce maƙwabciyar da ƙofarta ke kallon ta Oronzo, gajeriya mai muryar mutum uku. Ni da ita ba mu cika shiri ba, amma gaskiya ɗaya ce, duk lungun babu mai miyar Lahadi kamar tata, kamar yadda babu mai murza 'yan kunnuwa kamar ni. Taliya ce ƙanana da ake lotsawa da babban yatsa, kuma ba yabon kai ba ne, daga wasu unguwanni ake zuwa kallon nawa.

Muka zauna mu uku don tsara abin da za a ci. Nunziata ta harɗe hannu ta ce, "To Oronzo, faɗa mana. Me ka yi niyyar dafawa?"

"Na yi tunanin taliya da kaza. In zuba su faranti ɗaya, a huta da wanke-wanke."

Nunziata ta yi alamar gicciye. "Kaza a kan taliya? Faranti ɗaya? Kai ɗan yawon buɗe ido ne?"

"To a bar kazar. Taliya da kifi, in barbaɗa cuku da yawa."

A wurinmu ba a ɗora kaza a kan taliya, ba a kuma sa wa kifi cuku. Nunziata ta miƙe za ta tafi, sai da na riƙo zanin girkinta. Na ce ta yi haƙuri, maraya ne, mu gwada koya masa ko abu ɗaya. Muka ɗora ruwa, na miƙa masa doguwar taliya. Ya dubi taliyar, ya dubi tukunyar, ya ga ba za ta shiga ba, sai kawai ya karya ta gida biyu. Ƙarar ta shiga mini har cikin haƙori. Nunziata ta dafe ƙirji ta ce a buɗe taga. Shi kuwa ya zuba, ya fita waje ya sami wani abokinsa suna gardamar ƙwallo, bai dawo ba sai da abin ya zama kunu.

Nan muka sallama. Mu za mu yi girkin, shi ya amshi yabo. Sai dai akwai matsala. Loredana a lungun nan ta girma, tana yawo gida gida da cokalinta, ta san hannun kowace mace kamar yadda ta san muryarta. Cokali ɗaya za ta kai baki ta kira sunan mai miyar.

Dabarar tawa ce, kuma har yau ina ganin dabara ce mai kyau. Na ce mu yi girkin, amma mu ɓata shi da gangan, ya yi kama da na tsohon direba mai ƙoƙari. Za a buɗe da zaitun da cuku, waɗannan ko jaki ba zai lalata su ba. Sai 'yan kunnuwa da miya, ni in yi su karkatattu, wani babba wani ƙarami. Bayan an kwashe faranti sai naɗaɗɗen naman doki da ya dahu a cikin miyar, Nunziata ta rage gishiri ta bar gindin tukunyar ya ɗan kama. Oronzo kuma aka bar masa ganyen salak, don a ce dai ya taɓa wani abu.

"Ni in ƙona miya?" in ji Nunziata.

"Kaɗan. Don Assunta."

Ta ce don Assunta za ta yi.

Ran Asabar na kwaɓa gari na zauna. Wallahi na yi ƙoƙari. Na rufe ido, suka fito daidai. Na koma hannun hagu, suka fito daidai. Da ƙyar na samu na yi wasu munana, masu kama da kunnen da aka ja a makaranta. To amma a ƙofar gida muke shanya su a kan faifan waya, kowa yana wucewa yana gani. Na fito da su ke nan sai ga matar mai burodi ta tsaya, ta dube su, ta dube ni, ta ce, "Palmina, hannun ne ya fara ciwo? Allah sarki, girma." Na koma ciki na dunƙule su duka na sake sabo, kuma ban taɓa yin masu kyau irin na ranar ba.

Da asubar Lahadi Nunziata ta ɗauki tukunyarta ta kai ɗakin girkin Oronzo, don ƙamshin ya fito ta tagarsa. Da na shiga wajen hantsi, ƙamshin ya kusa kayar da ni.

"Kin ƙona?"

"Na yi niyya."

"Nunziata!"

"Na ajiye cokalin, na juya baya, na fara addu'a. Ban san lokacin da hannuna ya koma ba. Amma na rage gishiri."

Na ɗanɗana. Ba ta rage komai ba. Ta buɗe kwandona ta ga 'yan kunnuwa a jere kamar sojoji, ta dube ni, na dube ta. Muka ɗaura wa Oronzo zanin girkin Assunta, muka yarfa masa miya a gaban riga, muka shafa masa gari a gira. Muna cikin koya masa yadda zai riƙe ludayi sai muka ji ƙarar mota a bakin lungu. Loredana ta iso da wuri. Ƙofar gidan ɗaya ce, babu ta fita, don haka muka faɗa ɗakin ajiya muka ja labule. Wuri ne da aka yi don kwalaben tumatir da igiyar albasa, ba don mata biyu masu jiki ba.

Ba ma ganin komai, sai ji. Muka ji gaisuwa da sumba, muka ji an ja kujera. Oronzo ya tsame taliyar a kan lokaci, don na ce masa in na yi tari ya sauke, kuma na yi tarin. Sai ƙarar cokali mai yatsu a faranti.

"Baba, kai ka yi wannan?"

"Da hannuna, 'yata."

"Yaya ka yi miyar?"

"To... na zuba tumatir. Sai na jira."

"Naman fa?"

"Shi ma ya jira."

Loredana ta yi ajiyar zuciya. "Baba, ba sai ka yi mini ƙarya ba. 'Yan kunnuwan nan na kanti ne, inji ya buga su, shi ya sa suka yi daidai da juna haka. Miyar kuma ta kwalba ce, irinta nake saya a Torino. Ba abin kunya ba ne. In har kana iya zuwa kanti ka saya ka ɗumama, ai ka iya ciyar da kanka, hankalina ya kwanta."

Kun ji fa. An buɗe masa ƙofa, an shimfiɗa masa tabarma. Oronzo ma ya gane, ya cafe maganar da murna. "E, ta kwalba ce! Ta kwalba ce, 'yata! Amma ni na buɗe kwalbar!"

Na ji jikin Nunziata ya ɗauki zafi kamar tanda. Na riƙe mata hannu na raɗa mata ta yi wa Allah ta yi shiru, an gama, ya tsira. Ita tana cewa ni na fara fita. Ni dai abin da na sani, labulen ya tsinke, albasa ta zubo, kuma muryoyi biyu aka ji.

"Kwalba? Tun kafin ƙararrawar coci ta farko nake tsaye a kan miyar nan!"

"Wane injin ne yake da babban yatsa? Juya shi ki ga bayansa, marar kunya!"

Loredana ko gezau ba ta yi ba. Ta goge baki ta ce, "Ina wuni, Inna Palmina. Ina wuni, Inna Nunziata. Tun da na shigo takalmanku suke leƙowa ta ƙarƙashin labule. Ku zauna, abinci zai huce."

Muka zauna kamar yaran da aka kama a gonar mutane. Oronzo ya dube mu, ban taɓa ganin kallo mai ciwo irin wannan ba. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa fuskata. Mutumin ya zo mana da amana, mu kuma muka sayar da shi saboda taliya.

"To Baba," in ji Loredana, "a duk teburin nan, me ka yi da hannunka?"

Ya tura mata kwanon salak a hankali. Ta ɗiba ta tauna, muka ji ƙasa tana ƙara a haƙoranta. Bai san ana wankewa ba. Ta ajiye cokali ta ce, "Gobe zan taya ka haɗa kaya."

Nunziata, wadda ba a taɓa jin bakinta ya mutu ba, tana ta murza gefen zanin tebur. Oronzo ya zauna yana kallon 'yarsa, gari a girarsa. Ni ma sai lokacin na dube ta da kyau, don a bayan labule murya kawai nake ji. Yarinyar ta rame. Wuyanta ya fito, agogon hannunta yana zamewa har tsakiyar damtse. Kuma farantinta tas yake, ta bi shi da burodi har yana sheƙi.

Oronzo ya miƙe ya ɗauki ludayi. Ya riƙe shi a karkace, ya ɗiga miya a zanin tebur, amma ya cika mata faranti.

"Loredana, ke wa yake dafa miki a can?"

"Ina saye, Baba."

"Da wa kike ci?"

"Baba, ba maganata ake yi ba."

"Na ce da wa kike ci?"

Ta sunkuyar da kai. "A tsaye nake ci, gaban firji. A da Mama ce take kirana kullum da yamma, ta ce me kika dafa, sai in ji kunya in dafa wani abu don in sami abin faɗa mata. Yanzu ba mai tambaya."

Hawaye suka zubo mata a cikin miyar. Nunziata ta buɗe baki, na san za ta ce gishirin ya isa haka, na taka mata ƙafa.

Oronzo ya koma ya zauna. Ya daɗe yana juya kofinsa a kan tebur.

"Gidan nan ba zan bar shi ba," ya ce. "Uwarki tana nan kusa, kuma kin ga waɗannan biyun, ko na so in mutu da yunwa ba za su bari ba, don kada a ce a lungunsu aka yi. Amma ɗakin da kika gyara, kada ki ba kowa. In sanyi ya shigo zan zo in yi miki wata ɗaya, ko biyu. Ban iya dafa komai ba, kin gani da idonki. Amma na iya zama a tebur."

Loredana ta gyaɗa kai, bakinta cike da taliya. Oronzo ya miƙa hannu ya ɗauke kwanon salak ɗin daga gabanta, ya tura mata naman.