Bangon Aji Uku

Ina tsaye a tsakiyar titi da sandata lokacin da motar mai duba makarantu ta karyo kwana. Direba ya danna hon, ban motsa ba. Ya ƙara dannawa, ya leƙo da kai.

"Iya, lafiya? Matsa mana!"

"Ba da kai nake ba, ɗan nan. Matar da ka ɗauko nake jira."

Ta sauke gilashi. Mace ce mai tabarau, ba za ta wuce sa'ar 'yata ba. Ta gaishe ni da ladabi, na amsa a gajarce, don ba gaisuwa ta fito da ni ba.

"Ke ce aka turo ki duba makarantarmu?"

"Ni ce, Iya."

"To idan kin shiga, ki ce a fara kai ki aji uku. Kuma ƙafata ƙafarki."

Kafin ta ba ni amsa sai ga Hedimasta da Ciyaman na kwamitin makaranta sun taho da sassarfa daga bakin sabon get ɗinsu, Ciyaman yana riƙe da babbar rigarsa kar ta taɓa ƙasa.

"Ranki ya daɗe, kar ki damu da ita," in ji Ciyaman. "Tsohuwar unguwa ce, kin san tsufa."

"Tsufa ya ci gidanku," na ce. "Na san ka tun kana yawo ba wando. Buɗe mana hanya."

Ni ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa. Amma ina da ido, kuma ina da jika a aji uku. A daminar bara bangon ajin ya tsage daga sama har ƙasa. Duk sa'ad da babbar mota ta wuce sai ƙasa ta riƙa zubo wa yara a ka. Malamarsu maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu, mace ce da ba ta da miji ba ta da ɗa, sai 'ya'yan mutane. Ta yi magana, ta yi magana, aka ce ta yi haƙuri. Rannan sai kawai ta tasa yaran gaba ta kawo su tsakar gidanta, da bencinansu da allonsu. Daga baya muka ji an saki kuɗin gyara. Muka zuba ido. Abin da muka gani shi ne get na ƙarfe, da fenti a fuskar da ke kallon titi. Bangon aji uku ko cokalin siminti bai gani ba.

Ana cikin haka ciwon ƙirji ya kwantar da Malama. Tun tana koyarwa a tsaye, ta koma kan kujera, har ta koma daga kan gado ta taga. Ana gobe mai duba makarantu za ta zo, Hedimasta ya aiko aka kwashe bencina da allo aka mayar makaranta. Na shiga na tarar da Malama tana ƙoƙarin saka takalmi, ƙafarta ta kumbura ta ƙi shiga.

"Ina za ki?"

"Iya, ƙarƙashin bangon nan za su zaunar da su gobe."

"Koma ki kwanta. Ina raye za a yi haka?"

Abin da ya fito da ni titi ke nan.

Muka shiga aji uku, yara suka miƙe suka gaishe mu da murya ɗaya. An share ajin tas, an yayyafa ruwa. A kan bangon kuma an baza wata ƙatuwar taswirar duniya, sabuwa fil, tun daga kusa da rufi har ta kusa taɓa ƙasa. Jikata tana zaune daidai gindinta.

"Ga shi, ranki ya daɗe," in ji Hedimasta. "Kayan koyarwa na zamani."

Na ɗaga sandata na saƙala a saman takardar na fizgo. Ta taho da ƙusoshinta da ɓaraguzan ƙasa. Haske ya shigo ajin ta tsagar. Ta nan muka hango wata akuya tana kiwo a bayan makaranta, ita ma ta ɗago kai tana kallonmu. Wani yaro ya tuntsire da dariya, sauran suka bi.

Matar ba ta yi dariya ba. Ta matsa ta zura hannu cikin tsagar, ya shige har gwiwar hannu.

"A fitar da yaran nan," ta ce. "Yanzu."

Ciyaman ya fara bayani kan matakai da tsare-tsare, ta ce ya dakata. Ta riƙe hannuna ta ce za ta kai maganar sama, kuma ba yaron da zai sake zama a ajin.

"Saman nan naku," na ce, "akwai mutum a cikinsa, ko rufi ne kawai?"

"Akwai, Iya."

"To ki gaya masa ina gaishe shi, kuma ina tafe."

Da na koma na ba Malama labari, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, sai da na ɗago ta na bubbuga mata baya.

"Iya," ta ce da numfashinta ya dawo, "duniya guda kika yaga."

"Su ɗinka abarsu. Sha ruwa."

Kafin la'asar bencina sun dawo tsakar gidanta.

Daga nan jikin ya yi ta baya. Ƙanenta, wani direban babbar mota, ya ajiye aiki ya zo ya kai ta asibiti. Suka kwana biyu aka sallamo su da jakar magani, likita ya ce a kai ta gida a kula da ita. Kowa ya san ma'anar wannan. Na kwaso tabarmata na dawo ɗakinta. Ɗaki ne ƙarami: gado, kujera ɗaya, akwatin ƙarfe, sai kwalin alli a kan taga. Ni ke goge mata jiki, ni ke juya ta. Ta rame har zoben hannunta ya koma babban yatsa.

Makaranta ta turo wata yarinya sabuwar malama tana riƙe ajin a tsakar gida. Ƙanen Malama bai so haka ba.

"Yaya, hayaniyar nan ta yi yawa. Bari in sallame su ki samu barci."

"Bar su."

"Likita ya ce ki huta."

"Likita bai san ni ba. Shirun ne zai kashe ni da wuri."

Ya dube ni in sa baki. Na ce, "Ni kake kallo? Yayarka ce, ka fi ni sanin taurin kanta."

Wata safiya ina shafa mata mai a ƙafa ta ce, "Iya, in na tafi gidan nan rufe shi za a yi."

"Wa ya ce za ki tafi?"

"Haba Iya. Ke da ba kya ɓoye magana, yau ni za ki ɓoye wa?"

Na ci gaba da shafa mata man.

"Ranar da aka rufe shi, can za su mayar da su. Maganar mai tabaran nan ba za ta hana ba. Na san su."

"Na ji."

"Ban ce ki yi komai ba."

"Na ce na ji."

Ranar da ta cika, hantsi ne, rana ta shigo ta taga har kan bargonta. A waje yara suna rera lissafi, irin wanda ake bi da waƙa. Idonta a rufe, amma yatsanta yana bin su a kan bargo. Can sai yatsan ya tsaya, ta ɗan yamutsa fuska.

"Sun yi kuskure," ta ce. Da ƙyar na ji. "Ce su sake."

Na leƙa ta taga na daka tsawa. "Kai! Malama ta ce ku sake!"

Suka sake daga farko. Na juyo na ga fuskar ta saki, leɓenta yana motsi. Na kira ƙanenta, muka durƙusa muna yi mata kalmar shahada tana bi, har ta daina bi. Na shafe mata ido. Yaran suna ta rerawa, ban hana su ba sai da suka kai ƙarshe.

A wurin zaman makoki, maza suna ƙofar gida muna ciki, sai na jiyo muryar Ciyaman. Yana cewa Malama uwa ce ga unguwa, kwamiti ya yanke shawara za a sa wa aji uku sunanta. Aka ce madalla. Sannan ya sassauta murya ya ce tunda gida zai koma hannun magada, yara za su koma ajinsu na ɗan lokaci, kafin gyara ya iso.

Na yafa mayafi na fita. Mata suna riƙe ni, na fizge.

"Wane ajin?"

"Iya, wurin makoki ne fa," in ji Ciyaman.

"Na fi ka sani, ni na rufe mata ido. Wane ajin? Wanda aka ce kar a sake zama a ciki?"

Hedimasta ya ce, "Magana tana sama, Iya. Ba mu da wani ɗaki. In ba haka ba sai dai su zauna a gida."

"Kuɗin gyaran fa, shi ma yana sama? Ko shi ne ya sauko ya zama get? Sunanta za ku liƙa wa bangon don in ya danne 'ya'yanmu a ce ajin Malama ne ya kashe su? Wallahi ba ku isa ba."

Ciyaman ya shiga gyara babbar rigarsa. Ƙanen Malama ya sunkuyar da kai. Ban ga laifinsa ba, yana da iyali a wani gari, dole ya rufe gida ya koma bakin aiki. Ranar Juma'a ya sa kwaɗo, aka ɗauke bencina.

Asabar da safe na buga ƙofar Magini, wanda ɗansa ke aji ɗaya da jikata, na ce ya ara mini guduma.

"Me za ki yi da ita, Iya?"

"Ƙwai zan fasa. Ba ni."

Ya gane. "Iya, kayan gwamnati ne. Ɗaure mutum ake yi."

"Ɗanka kayan wa ne?"

Bai ba ni ba, na tafi da sandata. Ban waiwaya ba sai a bakin get, na ga iyayen yara mata suna biye da ni, wata da goyo, wata ko hannu ba ta wanke ba. Can baya ga Magini da igiya a kafaɗa da tsani, yana ƙunƙuni.

"In za a yi, a yi shi daidai," ya ce. "Kar ku je ku kashe kanku a banza."

Maigadi ya dube mu, ya ɗaga kujerarsa ya juya ta tana kallon titi, ya ƙara wa rediyonsa murya.

Muka fitar da bencina. Magini ya hau ya kwance kwanon rufin, muka jera shi gefe guda, ko ƙusa ba mu ɗauka ba. Ya zura igiya ta tsagar ya ɗaure, ya ce kowa ya ja baya. Muka kama. Na yi zaton za mu sha wuya. Ja ɗaya muka yi, na biyun ma bai kai ƙarfin jan guga ba, bangon ya taho gaba ɗaya, ya kife daidai inda layin jikata yake. Ƙura ta lafa. Mai goyon nan ta zauna a ƙasa ta rufe fuska.

Sai ga Hedimasta a kan babur, hula a karkace.

"Wa ya yi wannan? Dukiyar gwamnati! 'Yan sanda zan kira!"

"Ni ce," na ce. "Kira su. Ka ce su taho da mota, ƙafata ba ta da ƙarfi. A kai ni gaban alƙali. Tun bara nake neman wanda zai tambaye ni labarin bangon nan."

Ya tsaya yana kallon tarin bulon, wayar tana hannunsa. Ya daɗe a haka. Sannan ya mayar da ita aljihu ya ce wa Magini a hankali, "Ka tattare kwanon kar a sace."

Har yau ba ɗan sandan da ya zo. Ni ce ma nake zuwa. Duk mako ina hawa mota in je ofishin ilimi in zauna a bencin bakin ƙofar mai tabarau. Masinja ya san ni, har ruwa yake kawo mini. An ce za a zo a auna, an ce an kira Ciyaman ya yi bayanin get. Na ce su yi ta cewa, ina nan. Ba zan daina ba sai na ga bulo a kan bulo, kuma sai an faɗa mini a gaban jama'a inda kuɗin farko ya shiga.

Jiya kafin in tafi na biya ta makarantar. An jera bencinan aji uku a gindin bishiyar da ke bayan fili, an jingina allo a jikinta. Sabuwar malamar tana rubutu, yara suna kwafa. Jikata tana layin gaba, ta lanƙwashe ƙafa, harshe a waje, ba ta ma gan ni ba. Na ɗaga kai na duba abin da ke samanta. Ganye ne kawai, iska tana kaɗa shi.