Sunan Lorna a Kan Allo

Da safiyar Talata sanarwar ta fito, kuma kafin Glenn Tervo ya kai ƙarshenta hankalinsa ya tashi. An gano ɓaraka a kanel, wato zuciyar tsarin da ke tafiyar da sabobinsu, manyan kwamfutocin kamfaninsu, irin ɓarakar da duk wanda ya samu ɗan ƙaramin asusu a kan na'ura zai bi ta cikinta ya zama mai gida. Masu kutse kuwa har sun riga sun fara cin kasuwarsu da ita.

Bai kamata wannan ya ɗaga masa hankali ba. Ɗan ƙaramin kamfaninsu, mai ba garinsu da ƙauyukan bakin tafki intanet da akwatin saƙo, yana da doka tun zamanin yayarsa Lorna. Duk farkon wata a sa sabon kanel, a kashe na'ura a kunna. In ɓarakar mai muni ce a yi a ranar, ko da ana tsakiyar Kirsimeti. Sauke faci, wato gyaran ɓarakar, kaɗai ba ya tsinana komai, don sabon kanel kwanciyarsa zai yi a faifai, tsohon ya ci gaba da mulki, har sai an kashe an kunna.

Duk sabobin na bin dokar, ban da ta can ƙasan kantar ƙarfen da ake jera su, mai riƙe da saƙonnin mutanen gari. Lorna ce ta kunna ta da hannunta, ta shiga da sunanta, ta bar aikinta a buɗe ta ce za ta je ta dawo. A hanya tana tuƙi barewa ta tsallako mata a kan ƙanƙara, ta kauce, ta yi gaba da gaba da motar katako, ta rasu. An fi shekara huɗu ke nan. Har yau in ka tambayi na'urar su wa ke ciki, sai ta rubuto maka sunan Lorna. In aka kashe ta kuwa sunan ya tafi ke nan.

Mijinta, Royce Niemi, ya ce ba mai taɓa ta. Ƙato ne, tsohon mai hawa turakun waya, ga taurin kai kamar jaki. Kullum kafin ya cire rigar sanyi sai ya sauka ɗakin na'urori ya duba sunan, sannan ya iya gaisawa da mutane. Faci suka taru a faifan kamar kwanukan da ba a wanke ba. Shi ma Glenn ba zai ce ba ruwansa ba, yakan leƙa sunan in ba kowa, kuma duk wata sai ya tsallake na'urar ya yi kamar mantuwa ya yi. Amma yau ya san ba zancen kawaici.

Ya sauka, ya jawo madannai, bai kai ga rubuta komai ba ya ji takun takalmin Royce a matakala.

"Me kake yi a nan, kai?"

"Ka ga sanarwar, Royce. Yau sai an kashe ta."

"Kashe sauran. Ga su nan birjik, ka yi ta kashewa har ka gaji."

"Sauran na gama da su tun ɗazu. Wannan ce a buɗe kamar shago ba ƙyaure. Saƙonnin asibiti na ciki, na makaranta na ciki, har na tsohuwata."

"To lissafo min duk garin mana, fasto. Akwai facin da ake sawa ba a kashe na'ura ba, ko ka ɗauka ni ban san komai ba sai hawa turke?"

"Ba a yin sa wa kanel mai wannan tsufan. Na nema, babu."

"To ta zauna haka."

Glenn ya ji ransa ya ɓaci, ɓacin da ya daɗe yana dannewa. Ya ce, "Ita ta kafa dokar nan. Da tana raye ta ga abin da ka mayar da na'urarta, wallahi da mari za ta fara."

"Kar ka ƙara sa ta a bakinka."

"Yayata ce kafin ta zama matarka. Kuma ba ta cikin akwatin nan, Royce, tana maƙabartar bayan coci, ni da kai muka ɗauki akwatin gawar."

Bai ga tahowar hannun ba. Ya dai ji kansa ya bugu da ƙarfen kanta, bakinsa ya cika da jini, wani abu mai tauri na yawo a kan harshensa. Ya tofar, haƙori ne. Sai shi ma idonsa ya rufe. Ya sunkuya ya tunkuyi Royce a ciki, suka zube kan tulin wayoyi, ya samu hancinsa ya ɗirka masa gwiwar hannu har ya ji ƙarar gurunguntsi. Royce ya yi gurnani, ya damƙo wuyan rigarsa, ya yi jifa da shi kamar buhun dankali. Tukunyar kashe gobara ta faɗo daga bango ta gangara.

Mutum biyu masu furfura, waɗanda duk Asabar suke zama a ɗakin wankan tururi ɗaya suna zagin ƙungiyar ƙwallo ɗaya, ga su suna birgima a ƙasa suna neman idon juna. Ba mai raba su, don yarinyar da ke amsa waya ta tafi sayo abincin rana.

Glenn ne ya fara miƙewa. Ya san ba zai iya da Royce ba, don haka bai nemi ƙarin faɗa ba, ya yi tsalle wajen na'urar ya kai hannu ga maɓallin wuta. Royce ya kama ƙyauren kantar, na ƙarfe, ya maka shi a kan hannun da dukkan ƙarfinsa. Ya buɗe ya sake makawa.

Ihun da Glenn ya yi shi kansa bai san yana da irinsa ba. Ya durƙusa ya rungume hannun. Yatsu uku sun kalli inda yatsa ba ya kallo, ƙashi ya huda fatar ɗaya ya fito fari. Royce kuwa ya ɗauko tukunyar gobarar ya tsaya a kansa, jini na zuba daga hancinsa zuwa gemu.

"Matsa daga wurinta. Na rantse zan fasa maka kai, in ya so su zo su tafi da ni."

"Fasa, ɗan iska. Fasa ka huta."

A nan wayar Royce ta yi ƙara a aljihun ƙirjinsa, wata ƙara ta daban wadda ya sa wa mutum ɗaya tak tun da daɗewa. Duk su biyun sun san ta. Tukunyar ta sulluɓe daga hannunsa. Ya zaro wayar, ya tsura mata ido, leɓɓansa na motsi. Saƙo ne daga Lorna Niemi, an aiko yanzu. Ya karanta a fili, da muryar da ba tasa ba: "Masoyi, na yi kewarka. Danna nan ka ga sababbin hotunana ba riga."

Wayar Glenn ma ta yi ƙugi. Sama a ofis layin kamfani ya fara kuka, ya katse, ya sake ɗauka.

Glenn ya ja jiki ya ɗaga kai ga allon. A gefen sunan Lorna akwai wurin da ke nuna tun yaushe rabonta da taɓa madannai. Shekaru yake nunawa kullum. Yanzu daƙiƙa yake nunawa. Wani ƙato can wata uwa duniya ya biyo ta ɓarakar, ya tarar da aikinta a buɗe, ya zauna a ciki, yana aika wa duk wanda ta taɓa rubuta wa wasiƙa wannan ƙazantar.

"Tsohuwa ce ke kira," in ji Glenn, yana kallon tasa wayar. "Ita ma ya kai mata."

Royce ya zagaya bayan kantar ya finciko wayar intanet har soket ɗin ya ɓalle. Ya dawo yana haki.

"Na cire shi. Shi ke nan ko? Ya fita. Sai mu bar ta a kunne, ba intanet, ba mai shiga."

"Saƙonnin mutane fa? Kuma ba mu san me ya shuka a ciki ba. Sai an share ta tas, an ɗora sabo."

"Sunan dai yana nan."

"Yana nan. Amma duba wanda ya taɓa shi na ƙarshe."

Royce ya duba. Ya daɗe yana dubawa, daƙiƙun suna hawa suna zama mintuna, ana ƙirga su daga hannun ɓarawo. Baƙin ciki ya kama Glenn fiye da zafin yatsun, don ya ga ƙaton nan ya tsufa a gabansa, kuma ya san shi ma gobe ba abin da zai saci jiki ya leƙa.

Royce ya share hanci da bayan hannu.

"Glenn, don Allah kai ka yi. Ni ba zan iya ba."

Glenn ya ɗaga masa hannun, jini na bin gwiwar hannunsa yana ɗiga a siminti. Ɗayan kuwa shi ke tallafe da shi.

"Da wane hannun?"

Royce ya kalli aikin da ya yi, ya kawar da kai. Sannan ya durƙusa a gaban na'urar, ya ɗora babban yatsansa a kan maɓallin, ya danna ya riƙe, yana kuka kamar yaro, har allon ya yi baƙi.