Wake-wake Tana Kwanci a Bayan Katangarka

Ka gan ta, kada ka ce ba ka gan ta ba. Tsohuwar da ke bayan katangarka, wadda kowa ke kira Iya, ta tsaya a bakin ƙofa da ƙwai a hannu, kai kuwa ka sunkuyar da kai kan wayarka ka wuce.

Da, tana da zakara, ja, mai baƙar wutsiya. Ku maƙwabta kuka kai ƙara wurin mai gidan haya, wai cararsa tana hana ku barcin safe. Iya ba ta yi musu ba. Ta sa aka yanka shi, ta dafa, ta aika wa kowane gida. Kai ma ka ci.

Ba a jima ba kazarta Wake-wake ta fara kwanci. Iya ta tara mata ƙwai, ta ɗiga wa kowanne gawayi don ta gane su, tana fatan zakaran ya bar iri kafin ya tafi. Sanin haka ba wuya. A naɗe takarda kamar bututu, a ɗora ƙwan a ɗaya bakin, a fuskanci rana a leƙa. In an ga jijiyoyi ja, akwai ɗa. Amma yanar ido ta rufe idanun Iya, haske kawai take gani.

Ta tare makanikin da ke haya a ɗakin gaba. "Ɗan nan, ara min idonka, ka leƙa min ƙwan nan."

"Iya, wallahi mai mota na jira na. In na dawo."

Ya dawo, ta ji ƙarar makullinsa, bai leƙo ba.

'Yarta ta bugo waya daga nesa. "Iya, ki sayar da kajin nan ki huta mana."

"In na sayar, da wa zan yi faɗa da safe? Ke ai kin fi ƙarfin faɗana."

Suka yi dariya, 'yar ta ce ana kiran ta a wurin aiki.

Lokacin ƙyanƙyasa ya zo ya wuce. Wata rana da hantsi ƙwai ɗaya ya fashe, wari ya cika akurki. Iya ta gane ba sai an gaya mata ba. Ta kwashe sauran ta binne, amma Wake-wake ta koma ta kwanta a kan ciyawar da babu komai. A fitar da ita, ta koma. Dusa ba ta ci, ruwa sai an tsoma mata baki. Iya ta shafa ƙirjin kazar, ta ji ƙashi kamar bayan wuƙa.

"Ke ma taurin kai," in ji ta. "Wa kike jira?"

Iya ta san maganin. A samo 'yan tsaki sabuwar ƙyanƙyasa, a cusa mata su a ƙarƙashin fiffike da magariba. Da ta ji motsinsu za ta ɗauka nata ne, ta tashi ta nema musu abinci, ita ma ta ci. Mai sayar da abincin kaji yana da su, amma shagonsa na tsallaken babban titi. Iya ta je bakin titin, ta tsaya tana jin motoci suna wucewa, ta juyo gida.

Kazar nan ba za ta kai wani makon ba. Ajiye wayar. Je ka buga ƙofar Iya, ka kama hannunta ka tsallakar da ita titin, yau, kafin a rufe shagon.